Zuwa ga masu aikin wayarin: a daina raina wutar ɗakin cikin lambu



Akwai wani aiki da kusan dukkanmu muke yi wa riƙon sakainar kashi. Ka gama abin da ya kawo ka, kana tattara kaya, sai maigida ya ce, "Malam, tunda ka zo, ɗan ja mini wuta zuwa ɗakin ajiyar nan na cikin lambu." Nan take a zaro waya daga soket ɗin kicin, a bi da ita ta kan katanga, a ɗaure ta a reshen darbejiya, a sako ta ƙarƙashin kwano. Kwan fitila ya kama, kowa ya ce madalla.

A daminar bara aka kira ni wani gida da wuta ta ja yaro yana buɗe ƙofar ƙarfe. Allah ya sa da sauran kwana. Da na duba, bakin kwano ne ya yanke rigar wayar, bayan rana ta gama gasa ta. Bireka kuwa ko motsi bai yi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Bireka mai amfiya 20 waya yake tsaro. Wutar da za ta iya tsayar da zuciyar mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Mai tsaron rai shi ne RCD na miliamfiya 30, don haka duk layin da zai fita tsakar gida ku sa masa shi, ku danna maɓallin gwajinsa a gaban maigida, ku nuna masa yadda zai riƙa yi da kansa.

Ku ɗauko layin daga akwatin rabon wuta, da nasa bireka. Ku sa kebul mai sulke, ku binne shi aƙalla zurfin rabin mita, da yashi sama da ƙasa, sannan ledar gargaɗi a samansa. Lambu ne fa, gobe wani zai zo da fartanya ko diga bai san abin da ke kwance ba.

Sai batun kaurin waya, inda rowa ta fi cutar da mu. Ku tambayi maigida me zai kunna. Yau fitila ɗaya ce, baɗi firiza da injin jan ruwa. A tazarar mita 40, kayan da ke jan amfiya 10 za su zubar da kusan bolt 12 a waya mai 1.5, alhali a mai 4 asarar ba ta kai bolt 5 ba. A unguwar da dama wutar ba ta cika kaiwa bolt 230 ba, wannan bambancin ne ke ƙona kwamfuresa. Ku kuma kankare bakin waya kafin ku biya, domin akwai alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a kasuwa.

At ɗin ma, wato rodin da ake bugawa a ƙasa, a auna shi da na'ura. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, rodin da aka buga da damina ba lallai ya ba da abin da ake so a watan Maris ba.

Na san maigida zai ce kuɗin ya yi yawa, wane ya ce zai yi masa a rabin haka. Ku zauna ku yi masa bayani da lissafi. In ya ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Don Allah kada ku sake rataya wayar ɗaki a filin da yara suke wasa.

Wassalam,
ɗan uwanku a sana'a.