Me Ya Sa Kaza Ba Ta Jin Yajin Barkono?

A hutun da ya wuce na je gida Ketare, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, na tarar an baza barkono a tabarma yana shan rana, kaji na ta tsattsagarsa hankali kwance. Wani ɗan ƙanwata da ke babbar sakandare ya dube ni ya ce, "Kawu, me ya sa kaza ke cin barkono lafiya lau, mu kuwa da ya taɓa mana ido sai hawaye?" Na ce ko ya tambayi malaminsu? Ya ce an gaya masa ba ya cikin manhaja. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ke kawo yaji sinadari ne da ake kira kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farar tsokar nan da 'ya'yan barkono ke manne da ita. A bakin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙofa, masana suna ce mata TRPV1, wadda ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, wato inda fata ke fara shiga haɗarin ƙuna. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ko da babu wuta, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka harshe na ƙonewa, gumi ya karyo. Ashe Bahaushe da ya ce miya ta yi zafi, yana nufin yaji, bai yi kuskure ba. Ƙofar tsuntsaye kuwa ƙirarta daban ce, kafsaisin ba ya buɗe ta. Ga amsar yaron nan.

David Julius da abokan aikinsa ne suka gano ƙofar a 1997, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta Amurka, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian. Tun kafin su, Miklos Jancso na Jami'ar Szeged a ƙasar Hangari ya lura da wani abin mamaki: jijiyar da aka yi ta ɗirka wa kafsaisin takan yi raɗaɗi da farko, daga baya ta yi shiru. Mai dakan yaji ta san kusa da haka a tafin hannunta.

Wannan shirun ne ya zama magani. Akwai man shafawa mai ɗan kafsaisin kaɗan don ciwon gaɓoɓi. Akwai kuma filasta mai kashi 8 cikin ɗari, Qutenza, wadda Amurka ta amince da ita a 2009 don raɗaɗin da ke saura bayan ƙurajen nan na gefen jiki da ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa, sannan a 2020 don zogin ƙafar masu ciwon sukari. A asibiti ake manna ta, na minti 30 zuwa 60, bakin jijiyoyin su janye, sauƙin ya kai wata uku kafin su sake tohowa. Ba kowa take yi wa aiki ba. An kuma gwada ƙwayoyi masu toshe ƙofar gaba ɗaya, sai jikin waɗanda aka gwada wa ya ɗauki zafi kamar zazzaɓi, wasu suka rage jin ruwan zafi yadda ya kamata. Ciwo mai gadi ne, ba a korarsa da garaje.

Kada mai karatu ya ce tun da haka ne bari ya daka attaruhu ya shafa wa tsohuwa a gwiwa, balle a kan miki. Tsakanin turmi da filastar asibiti akwai awo da gwaji na shekaru, kuma su ne ilimin.

A ganina batun nan namu ne fiye da na mutanen Kalifoniya. Manomin Faskari ko Sabuwa da ya yini sunkuye a gona yana kwana da ciwon baya, abin da ya fi kusa da hannunsa kuwa sau da yawa taramol ne, mun kuma ga yadda ta yi da samarinmu. Maganin ciwo wanda ba ya bugarwa, ba ya kama mutum, buƙatarmu ce ta gaggawa, ga shi tsiron da ya nuna hanyar muna shanya shi a ƙofar gida.

Don haka nake roƙon 'yan'uwana malamai su daina fakewa da manhaja, domin darasin jijiyoyi yana cikinta. Ba sai da ɗakin gwaje-gwaje ba. A kawo tattasai da barkono, ɗalibai su ɗanɗana ɓawo daban, farar tsoka daban, su rubuta abin da suka ji. A ba rabin aji ruwa, rabi nono, a ƙirga daƙiƙoƙin da yajin ya ɗauka kafin ya lafa. Za su ga nono ya fi, saboda kafsaisin ba ya narkewa a ruwa sai a maiƙo. A tanadi sabulu, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ido.