Hawan Jini: Awo Ɗaya Ba Ya Isa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗeja ya san cewa ba yawan ruwa kaɗai ke cin gaɓar kogi ba. Ruwan da zai taso yau ya janye gobe, jibi kuma ya sake tasowa, shi ne ke zaizaye jinga har ta ɓalle. To, haka al'amarin yake ga jijiyoyin jinin mai ciwon hawan jini, kuma wannan batu ne da ya kamata mutanen Malam Madori da kewaye su yi masa duban tsanaki.

Likitoci suna cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, a ranaku daban-daban. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa wajen mutum biliyan 1.3 ne ke da ciwon, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun isasshen magani.

Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika faɗa ba. A 2010 Farfesa Peter Rothwell na Jami'ar Oxford ta Ingila da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Lancet cewa wanda awonsa ke hawa da sauka ƙwarai daga wannan zuwa asibiti zuwa wancan ya fi shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da kuwa matsakaicin awon nasa bai yi muni ba. Dalili kuwa shi ne, lafiyayyar jijiya tana miƙewa ta koma da kowane bugun zuciya. Idan ta yi tauri, sai ta kasa shanye ƙarfin jinin, awo ya riƙa tsalle. Tsallen kuma ya ƙara raunana bangonta. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido su ke fara ɗanɗana kuɗarsu.

Abin takaici, yawancin wannan hawa da sauka mu muke jawo shi da hannunmu. Sai ma'aikaci ya sayi magani ranar albashi, kafin tsakiyar wata ya ƙare, ya ce sai an yi biya. Wani kuwa da ya ji kansa ya daina ciwo sai ya jingine ƙwayar, alhali kuwa hawan jini galibi ba ya nuna alama. Manomin fadama yana dawowa a gajiye ya haɗiye diclofenac ko ibuprofen daga kemis, bai san suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda ba. Ga gishiri da dunƙulen miya, ga kanwa, wadda ita ma sinadarin gishirin ne a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Abin da aka yarda wa babban mutum shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokali ba.

Wani zai ce talaka bai sami na tuwo ba, ina batun awo? Hujja ce mai nauyi, amma kuɗin ƙwayar wata guda ba su kama ƙafar na jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko na wankin ƙoda ba. Haka nan ambaliya, irin wadda ta auka wa yankin nan a 2022, takan yanke hanyoyi, majinyaci ya yi makonni bai kai ga asibiti ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Jigawa da Ƙaramar Hukumar Malam Madori da su tabbata kowane ɗakin shan magani yana da na'urar awo mai aiki, a kuma ba kowane majinyaci kati da za a rubuta awonsa da kwanan wata, domin likita a Babban Asibitin Haɗeja ya ga tarihin ciwon, ba lambar rana ɗaya ba. Kafin damina ta yi nisa, a riƙa ba waɗanda ke ƙauyukan bakin kogi maganin wata biyu ko uku. Binciken da muka ambata ya nuna cewa magunguna irin su amlodipine sun fi wasu daidaita awo, amma zaɓi na likita ne, ba na mai kanti ba.

Ma'aikata su sa kuɗin magani a sahun kuɗin hatsi. Ɗalibai kuwa, ku ne idon iyayenku: ku koyi karanta awo, ku rubuta musu, ku tuna musu lokacin shan ƙwaya. Jijiyar da ta yi tauri da wuya ta koma yadda take, amma ana iya hana ta ƙara lalacewa, muddin aka riƙe magani kullum ba fashi.