A nemi lissafin injiniya kafin a amince da gyaran ofis

Duk lokacin da gini ya rufta a ƙasar nan, kamar benen nan mai hawa 21 na Ikoyi a Legas a watan Nuwamban 2021, ko makarantar da ta danne ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, akan kafa kwamiti, hankali ya koma kan siminti da rodi. Akwai wani haɗarin da ba a cika tonawa ba, wanda ke faruwa cikin ma'aikatu a nan Abuja: nauyin da ake ƙara wa gini bayan an kammala shi, da sa hannun jami'in da bai tambayi ko ginin zai iya ɗauka ba.

Bim, wato gungumen kankare ko ƙarfe da ke kwance bisa ginshiƙai biyu yana riƙe da bene, yana da iyakar da lissafi ya yanke masa. Injiniya yakan haɗa nauyin ginin kansa da na mutane da kayan da za su hau kansa. Ofis na yau da kullum akan tsara shi don kimanin kilo 250 a kowace murabba'in mita, ɗakin ajiyar fayil kuwa yana buƙatar ninki biyu ko fiye. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cif. Saboda haka, mayar da ofishin hawa na uku ma'ajiyar takardu, ko jera tankuna a kan rufi, babban hukunci ne, ko da a takarda an kira shi ƙaramin gyara.

Cire ginshiƙi don faɗaɗa ɗakin taro ya fi wannan muni. In aka ninka tazarar da bim ke ƙetarawa, ƙarfin da ke neman karya tsakiyarsa yakan ninka sau huɗu, lanƙwasawarsa kuma sau 16. Haka nan, ɗan kwangilar da ya rage kaurin bim daga milimita 500 zuwa 400 don tsimin kankare ya zubar da kusan rabin taurinsa. Magina na gargajiya sun san wannan tun da can, shi ya sa suke ɗaura bakan gizo inda faɗin soro ya fi ƙarfin azara.

Za a ce neman lissafi yana jinkirta aiki, yana kuma cin kuɗi. Gaskiya ne, amma kuɗin injiniya bai kai na rushewar bene guda ba, balle ran ma'aikaci.

Ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya wajabta cewa duk takardar neman sauya fasalin ginin gwamnati ta zo da lissafi mai hatimin injiniyan da ke da rajista da COREN. Mataimakin da ke shirya wa darakta fayil shi ne mutum na farko da zai iya mayar da shi in babu wannan shafi.