Gardamar Jita: Daga Siyatil Zuwa Agadas

A birnin Doha, inda baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba, ba wuya a tarar da matasa daga ƙasashe biyar ko shida sun kewaye tebur guda a kasuwar Suk Wakif bayan isha'i, ana shan shayin karak ana hira. Idan zancen ƙwallo ya ƙare, na kiɗa ke biyo baya. Akwai kuwa wata gardama da ba ta tsufa a irin wannan zama, wato wace ƙungiya ce ta fi a kiɗan rok. Wannan ya ce Nirvana, wancan ya ce Pearl Jam, wani mai ɗan shekaru ya ce duk yara ne idan aka ambaci The Clash. Ɗalibin Hausa da ke cikinsu yakan ɗauka maganar ba ta shafi karatunsa ba, domin a ganinsa ƙasar Hausa ta kalangu ce da kakaki kawai. Ya yi kuskure. Wannan gardama ba za ta yanku ba sai an shigo da Jos da Sakkwato da Agadas a cikinta.

Kafin nan, ya kamata a san abin da ake gardama a kai. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rok ya zama sana'ar masu hannu da shuni. Manyan ƙungiyoyi suna wasa a filayen ƙwallo, ana jigilar kayansu a manyan motoci, waƙa guda takan kai minti ashirin. Yaron da ke sauraro daga ɗakin uwarsa ba ya ko mafarkin yin irin wannan. Sai a 1976 wasu samari huɗu na birnin Niyok, masu suna Ramones, suka fitar da faifansu na farko: waƙoƙi 14 cikin ƙasa da minti 30, waɗanda aka ɗauka da kuɗin da bai kai dala 7,000 ba. Kiɗan yana da sauri da kaushi, kuma duk wanda ya iya ɗora yatsunsa wuri uku a kan jita zai iya kwaikwayonsa. Shi ne aka kira pank, kalmar da a Turanci take nufin ɗan iska ko ɗan tasha. Zagi ne, amma makaɗan suka karɓe shi suka mai da shi kirari.

A Ingila, inda rashin aikin yi ya addabi matasa a lokacin, abin ya kama kamar wutar daji. Ƙungiyoyi biyu ne suka yi fice. Sex Pistols sun fi suna da tada hankali: sun yi ashar a talabijin, sun ci mutuncin sarauta, sun fitar da faifai guda a 1977, sannan suka watse a watan Janairu na 1978. The Clash kuwa sun daɗe, kuma sun fi zurfin tunani. Sun saurari kiɗan rege na maƙwabtansu 'yan asalin Jamaika da ke Landan suka gauraya shi da nasu, sun hau dandali a gagarumin taron yaƙi da wariyar launin fata a 1978, suka fitar da London Calling a 1979. A 1980 suka haɗa faifai uku a kundi guda mai suna Sandinista!, suka amince a rage musu ribarsu don a sayar da shi da araha. Tsakanin waɗannan biyu hukunci ba shi da wuya. Sex Pistols sun yi sharar gona, The Clash ne suka yi shuka.

Shekaru goma bayan haka irin ya tsiro a wani wuri da ba wanda ya zata, wato Siyatil, birnin ruwan sama da hazo a arewa maso yammacin Amurka. Matasan can suka ɗauki fushin pank suka haɗa da nauyin sautin ƙungiyoyi irin su Black Sabbath, aka sami abin da ake kira giranji, ma'ana dauɗa. An kafa Nirvana a 1987 a Aberdeen, wani ƙaramin gari na masu yankan katako. Faifansu na farko, Bleach, an ɗauke shi da dala 600 da 'yan kai, ya fito a 1989 daga ƙaramin kamfanin Sub Pop. Na biyu, Nevermind, ya fito a watan Satumba na 1991, kuma a Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Salon Kurt Cobain shi ne ya fara waƙa a hankali kamar mai raɗa, sannan ya fashe da ihu, ya sake komawa raɗa. Shi da bakinsa ya ce daga ƙungiyar Pixies ya koyi wannan. Sai dai nasarar ta zo masa da abin da bai shirya wa ba. Rigunan gwanjo da shi da abokansa ke sawa saboda talauci, kafin ƙarshen 1992 masu ɗinkin ƙawa na Niyok sun kwaikwaye su suna sayarwa da tsada. A watan Afrilu na 1994 Cobain ya kashe kansa yana ɗan shekara 27.

To, Nirvana ko Pearl Jam? A nan ne muryoyi ke tashi a teburin shayi. Makaɗan Pearl Jam sun fi gwaninta a hannu, kuma muryar Eddie Vedder ta fi ta Cobain faɗi. A 1994 sun kai ƙarar kamfanin Ticketmaster saboda kuɗin da yake ƙarawa a kan tikiti, har biyu daga cikinsu suka ba da shaida a majalisar dokokin Amurka. Ba su yi nasara ba, sun kuma yi asarar wasanni, amma sun nuna hali. Duk da haka, idan waƙa ake aunawa, Nirvana ce a gaba. Faifai uku kacal suka ɗauka a situdiyo, amma da wuya a sami yaro mai koyon jita a yau wanda bai fara da ɗaya daga cikin waƙoƙinsu ba.

Akwai wani bambanci da masu gardamar ba su cika lura da shi ba, alhali shi ne babba. Pank yana nuna yatsa waje, ga gwamnati da 'yan sanda da masu kuɗi. Giranji ya juya yatsan ciki, ga damuwar zuciya da ƙosawa da rayuwa. Wannan gaskiya ce ta matasan da suka yi shi, ba a raina ta. Amma baƙin cikin mutum ɗaya ya fi sauƙin sayarwa a kan fushin jama'a, shi ya sa kasuwa ta haɗiye giranji cikin shekaru uku. Saboda haka ma'aunin da ya dace da wannan gardama tambayoyi biyu ne: da me makaɗi ya fara, kuma wa yake gaya wa gaskiya?

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan ma'auni, domin ya san Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, a kan ɗan ƙoƙon da akan yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. A lokacin da yawancin mawaƙa ke bin sarakuna da attajirai, shi ya yi wa karen mota waƙa, wato yaron da ke ɗaukar kaya yana kwana a tasha. Ɗan Maraya bai taɓa kiran kansa ɗan pank ba, kuma ba ya buƙatar sunan. Abin da samarin Landan suka gano da hayaniya a 1977, cewa ƙarancin kaya ba ya hana faɗin magana mai nauyi, tsohon labari ne a Jos.

Jitar lantarki kuwa ta samu gindin zama ne a arewacin ƙasar Hausa, a hannun Abzinawa. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya kashe dabbobinsu, ya kora samarinsu zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. Ana kiran waɗannan samari ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu aka kafa ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali a garin Tamanrasset wajen 1979, kuma waƙoƙinsu sun yaɗu ne ta kaset, hannu zuwa hannu, ba kamfani ba rediyo. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ya buɗe wannan hanya. Hukuma ta ɗauki jita a matsayin kayan 'yan tawaye. Lokacin da rikici ya sake ɓarkewa a 2007 an kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, makaɗin Agadas, shi kuma ya gudu Burkina Faso. Sai a 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Sex Pistols sun rasa kwangila saboda bakinsu. A nan rai ake rasawa.

Wanda labarinsa ya fi dacewa da wannan gardama shi ne Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Iyayensa masu addini ne, ba su son kiɗa, don haka ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, kamar Cobain da Jimi Hendrix. A 2008 ya tsallako iyaka zuwa Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a situdiyon da aka saba ɗaukar waƙoƙin Hausa na zamani. Waƙoƙin da yarensa na Tamashek ne, amma duk wanda ya saba da waƙoƙin fina-finan Hausa zai gane ƙamshin gida: gangar na'ura, da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. Faifan bai shiga kanti ba. Ta wayar salula ya yaɗu, daga katin memori zuwa katin memori, ta Bluetooth, a tashoshin mota da kasuwanni. Ta haka wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin Sahel, Christopher Kirkley, ya ji shi, ya sa waƙarsa guda cikin wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara, daga baya ya nemo mai waƙar.

A nan mai karatu zai iya tambaya: me ya sa Kano ba ta kama jita ba? Amsar a taƙaice ita ce kunnen Kano ya riga ya saba da fina-finan Indiya tun shekarun baya, kuma da masana'antar fim ta bunƙasa a shekarun 1990, fiyano na lantarki ya fi arha, mutum ɗaya ya isa ya maye gurbin makaɗa biyar. Mai neman jita da harshen Hausa sai ya leƙa Yamai, wurin ƙungiyar Tal National. Shugabanta Almeida ya yi aikin alƙalanci, kuma suna waƙa da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Faifansu na 2018 ma sunan Hausa gare shi, Tantabara.

Mdou Moctar ya bar na'urar gyaran murya ya koma ga jita zalla, sautinsa ya ƙara ƙarfi da sauri. Wannan saurin daga bukukuwan aure na Agadas ya samo asali, inda ake kunna janareta a fili, ƙura na tashi, ƙungiyoyi na gasar wanda zai fi motsa jama'a. A ƙungiyarsa akwai Ba'amurke guda, Mikey Coltun, wanda ya tashi cikin 'yan pank na birnin Washington, kuma haɗuwarsu ba ta zo da wani gyare-gyare mai yawa ba, domin sun tarar hanyar aikinsu ɗaya ce: ɗauki kayanka da kanka, yi wasa duk inda aka samu wuri. Faifan Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suna nuna yatsa waje, kamar The Clash. Suna magana a kan Faransa da shugabannin Afirka, da kuma yuraniyom na Arlit. Tun 1971 aka shafe fiye da shekaru hamsin kamfanonin Faransa suna haƙar wannan ma'adini, yana taimakawa wajen haskaka biranen Turai, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su da lantarki. Idan aka ɗora wannan ƙungiya a kan ma'aunin tambayoyi biyun nan, ta wuce Pearl Jam, ta wuce Nirvana, tana kafaɗa da kafaɗa da The Clash.

Wani zai ce wannan kwatanci kansa zalunci ne, kuma yana da hujja. 'Yan jaridar Turai suna son kiran kowane gwanin jita na Agadas Hendrix na Sahara, kamar dai ba ya da daraja sai an jingina shi ga wani sunan da suka sani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tushen kiɗan Mdou Moctar shi ne takamba, da tende na matan Abzinawa, wanda ake kaɗawa a kan turmi da aka rufe da fata. Ya daɗe yana kiɗa kafin ya saurari manyan makaɗan rok na Amurka. Don haka ba a ce ya gaji pank ba, an dai ce shi da pank sun iso wuri ɗaya ta hanyoyi dabam, kuma tasa hanyar ta fi ƙaya. Haɗarin da ke gabansa shi ne wanda ya sami rigar gwanjon Cobain: masu sauraro a Turai da Amurka su sayi rawani da raƙumi da yashi, su yi rawa, ba tare da sun nemi fassarar abin da ake faɗa ba.

A ƙarshen watan Yuli na 2023, lokacin da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, Mdou Moctar da abokansa biyu 'yan Nijar suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida, har sai da masu sauraronsu suka tara musu kuɗin masauki. A cikin wannan zaman jira suka shiga wani situdiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice a hankali, da jitar katako. Faifan ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.