Murhun Gas A Tsohon Gida: Ina Hayaƙin Zai Bi?

A biranen Ingila akwai dubban gidaje na jan bulo waɗanda aka gina tun zamanin Sarauniya Biktoriya, watau tsakanin 1837 da 1901. Kusan kowane ɗaki yana da murhu a jikin bango, da bututun hayaƙi wanda ya miƙe har bisa rufi, domin da kwal mutanen wancan zamani suke jin ɗumi. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya gauraya da hazo, ya lulluɓe Landan kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka rasu. Wannan ne ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Da aka samu gas a ƙarƙashin Tekun Arewa a 1965, sai jama'a suka yi ta cusa murhun gas cikin gurbin na kwal. Har yau ana yi, kuma har yau babbar tambaya ita ce ta ina hayaƙin zai fita.

Mai gida yakan ɗauka cewa bututun da ya ɗauki hayaƙin kwal shekara ɗari ba zai kāsa ɗaukar na gas ba. A nan kuskuren yake. Wutar kwal tana da zafi ƙwarai, tana gasa bulon, hayaƙi ya tashi da ƙarfi. Hayaƙin gas kuwa bai kai wannan zafi ba, ga shi cike da tururi, domin kilo ɗaya na gas in ya ƙone yakan ba da ruwa fiye da lita biyu. In tururin ya shiga bututu mai faɗi da sanyi, sai ya zama raɓa, ya haɗu da tsohuwar kunkunniya ya yi tsami, ya riƙa cin farar ƙasar da ta riƙe bulo. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ta waɗannan tsagogi hayaƙi yakan sulale cikin ɗakin kwana na bene, ko ma gidan maƙwabci, tun da yawancin gidajen a manne suke da juna. Bugu da ƙari, tsuntsaye sukan yi sheƙa a bakin bututun da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, su toshe shi.

Abin tsoro a cikin wannan hayaƙi shi ne iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda wuta take haifarwa in ba ta sami isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa.

Hanya ta farko ita ce a yi amfani da tsohon bututun, amma bayan an share shi, an kunna abin gwaji mai hayaƙi a ƙasa, an bi ɗakuna da ƙarƙashin rufi a ga ko yana yoyo. In yana yi, ko ya yi wa murhun faɗi, sai a zura masa wani bututu na ƙarfe marar tsatsa, mai lanƙwasuwa, daga rufi har bayan murhu, a sa masa hula don ruwa da tsuntsaye. Wannan hanya ba ta ɓata fasalin gida, sai dai murhun daga cikin ɗaki yake jan iskar da yake ci, kuma zafi mai yawa yakan bi bututun ya tafi.

Hanya ta biyu, wadda masana suka fi yabawa, ita ce murhun da aka rufe fuskarsa ruf da gilashi, aka huda bangon waje aka fitar da bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska. Wutar ba ta da wata hulɗa da iskar da mutanen ɗaki suke shaƙa. A Amurka da Kanada akan zura bututun nan biyu ta cikin tsohon bututun bulo har sama. Sharaɗinta shi ne bakin bututun ya yi nesa da taga da ƙofa. In kuwa gidan yana cikin waɗanda hukuma ta lissafa a gine-ginen tarihi, ba a huda bangonsa sai da izni.

Hanya ta uku ta gidan da murhunsa ya yi nisa da bangon waje ce. Akan sa fanka mai aiki da lantarki ta zuƙo hayaƙin ta dogon bututu. Fankar tana da ɗan ƙara, kuma in wutar lantarki ta ɗauke, murhun yakan mutu.

Ta huɗu ita ce murhun da ba shi da bututu sam. Ya fi sauƙin kafawa, amma duk abin da ya ƙona cikin ɗakin yake zama, har da tururin da ke jiƙa bango. Yana da na'urar da ke kashe shi in oksijin na ɗaki ya sauka daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 18. A Ingila sai ɗakin ya kai wani girma, da kafar iska a bango wadda ba a rufewa, kuma ba a sa shi a ɗakin wanka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana irinsa a cikin gidaje. Araha ba ta ado.

Akwai wani abu da akan manta. Tsohon gida ta ɓarakar tagogi da ƙarƙashin ƙofofi yake numfashi. In aka sa masa sababbin tagogi masu gilashi biyu, aka liƙe kowace kafa don tsimin kuɗin gas, murhun da jiya yake lafiya yau zai rasa iska. Fankar ɗakin girki ma tana iya juyo da hayaƙi daga bututu zuwa cikin ɗaki. Baƙin kunkunniya a gefen murhu, da tagogi masu yawan gumi, da ciwon kan da ke sauka in an fita waje, duk alamu ne na a kashe wuta a buɗe taga.

Dokar Birtaniya ba ta yarda kowa ya yi sana'ar haɗa gas ba sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Wajibi ne mai ba da hayar gida ya sa a duba kayan gas kowace shekara, ya ba ɗan haya takardar shaida. Daga Oktoba 2022 kuma, a Ingila, dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da murhun yake. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya je can ya kama haya a tsohon gida, ya nemi ganin takardar nan kafin ya ajiye kayansa.

Iskar nan dai ita ce wadda kaskon gawayi yake fitarwa a ɗakin da aka rufe lokacin hunturu, ita ce kuma ta janareton da aka shigar cikin gida da dare. Duk wanda zai kunna wuta a ƙarƙashin rufi, ya fara sanin ƙofar da iska za ta shigo da wadda hayaƙi zai fita.