Manyan Gidajen Cin Abinci a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Tsada Ko Inganci?

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa da kaka, ya zarce Bakori har Malumfashi, ba ya bukatar a gaya masa cewa ya shigo rumbun abincin Jihar Katsina. Masara da dawa da waken suya da shinkafa ne dama da hagu. Kasuwar Dandume ta yi suna wajen hatsi, Danja kuwa wajen tumatir da rake da mazarƙwaila. Tun zamanin Turawa aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuma a shekarar 1975 Funtuwa na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka soma shirin bunƙasa aikin gona da rancen Bankin Duniya. Abin tambaya shi ne, me ya sa baƙon da ya shiga babban gidan cin abinci a irin wannan ƙasa yakan fito aljihu ya yi sauƙi, ciki kuwa bai gode ba?

Abin da Ake Kawowa a Faranti

Manyan otal-otal da gidajen abinci na zamani sun ƙaru a garuruwan nan, domin akwai masu bukatarsu: fataken hatsi daga Kudu, ma'aikatan banki, 'yan siyasa, da baƙin biki. Ginin yakan yi kyau, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kujeru masu taushi, ga talabijin a bango. Amma da an miƙo takardar jerin abinci sai a tarar kusan iri ɗaya ce ko'ina: soyayyiyar shinkafa, dafa-duka, taliya, soyayyen dankali, salak da kaza. Tuwo, in ma akwai shi, yana can ƙarshen takarda kamar ɗan kishiya. Dambu da fate da kwaɗon zogale da sinasir kuwa ba a ko kawo zancensu, sai ka ce abin kunya ne.

Da a ce abincin aron nan yana fitowa yadda ya kamata, da sai a yi shiru. To, kayan aro ba ya rufe katara. Sau da yawa shinkafar tun ta safe ce aka ɗumama, kazar kuwa ta kwana ta wuni a firji, a garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, watau naman ya daskare ya narke ya sake daskarewa kafin ya shiga mai. Man suyar ma an juya shi har ya yi baƙi. Miya kuma an cika ta da dunƙulen ɗanɗano, an kori daddawa da man shanu, ta yadda miyar kuka da ta kuɓewa da taushe duk baki ɗaya suke yi. Tsawon takardar shi ne tushen ɓarnar, gama kuku ɗaya da yaransa biyu ba za su iya dafa abinci iri ashirin sabo a kowace rana ba. Dole a ajiye, dole a ɗumama.

Karɓar Baƙo

Bahaushe ya ɗauki baƙo da girma, shi ya sa ya ce baƙonka annabinka, ya kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A gidan manomi na Kafur ko Dabai, kafin a tambayi baƙo abin da ke tafe da shi an kawo masa ruwa, an bi da fura, sannan tuwo ya iso a rufe da faifai. A babban gidan abinci, inda mutum zai biya kuɗi masu kauri, yakan zauna ba wanda ya ce masa sannu da zuwa. In ya zaɓi abu a takarda, sai bayan an daɗe a dawo a ce ya ƙare. Ruwan wanke hannu sai ya roƙa, kuma ana iya fara sallamar wanda ya zo bayansa saboda an ga girman motarsa.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan yaran da ke kai abinci. Galibinsu ba wanda ya koya musu aikin, albashinsu kaɗan ne, kuma sukan wuni a tsaye. Mai gidan ya kashe dukiya a kan gini da fitilu, ya yi ƙwauro wajen horar da ma'aikata, alhali makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun daɗe suna koyar da girki da aikin otal. Masu ci su ma suna da nasu kason. Kara da kunya sukan hana Bahaushe ya ce abinci bai yi ba, sai ya biya ya fita ya je yana yi da gidan a majalisa. Wani kuma ba don ci ya je ba, don a gan shi ne. Muddin haka ake, mai gida ba shi da dalilin gyarawa.

Hujjar Masu Gidajen

Masu wannan sana'a suna da abin faɗi. Sukan ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin janareto da na sufuri suka ninka, kuma rashin tsaro a yankunan Faskari da Sabuwa da Dandume ya hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa a shekarun baya, abin da ya taɓa farashin kayan abinci. Wannan gaskiya ce, amma hujja ce ta tsada, ba ta abincin jiya ba, ba kuwa ta ɗaure fuska ba. Hasali ma, wanda kuɗin wuta ya dame shi ya fi kowa bukatar ya rage dogaro da firji, ya riƙa cefane kullum a kasuwar da ke bayan katangarsa.

Sukan kuma ce wanda ya bar tuwo a gida ba zai biya kuɗi mai yawa don ya ci tuwo a otal ba. Wannan ma abin dubawa ne. Baƙon da ya zo daga Legas ko Anaca ya san soyayyiyar shinkafa fiye da mai dafa ta, abin da bai samu a garinsu ba shi ne tuwon masara sabon niƙa da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu. A ƙasar Sanagal, shinkafa da kifi irin tasu ita ce abar alfahari a manyan gidajen abinci, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun duniya da ake adanawa a shekarar 2021. Ba tsadar kayan haɗi ta kai ta can ba, mutanenta ne ba su raina ta ba.

Kammalawa

Darajar gidan abinci tana ga tukunyarsa da fuskar ma'aikatansa. Ya kyautu masu gidajen nan su taƙaita jerin abincinsu zuwa abin da za su iya dafawa sabo, su ƙulla ciniki da manoma da masu kiwo na kusa, su ɗauki matan da suka ƙware a girkin gargajiya su biya su hakkinsu, su kuma koya wa yaransu gaisuwa da tsabta. Ya kamata dubagari na ƙananan hukumomi su riƙa leƙa ɗakin girki da firji, ba zauren cin abinci kawai ba. Mai ci kuwa ya sani cewa faɗin gaskiya cikin ladabi ga wanda ya karɓi kuɗinsa ba rashin kara ba ne. Abin takaici ne a ce manyan motoci na fita da hatsin Funtuwa da Malumfashi zuwa ko'ina a Nijeriya, amma baƙon da ya sauka a garin ya kwana bai ɗanɗana shi ba. Allah ya sa a gyara.