Kar a kori kokowa daga makaranta, mu manya ne za mu gyara bakinmu



Makon jiya aka yi taron iyaye a makarantar da nake koyarwa, nan cikin komin ɗin Bambeye. Maganar da ta cinye lokacin taron ita ce a hana yara kokowa kwata-kwata a farfajiyar lakwal. Na tashi na ce ban yarda ba. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Mushe, sai an kashe ɗan wani sannan za ka yarda?" Tambayar tana da nauyi, kuma a wurin ban samu sararin amsa ta yadda ya kamata ba. Ga amsar.

Bari in fara da abin da ya faru. Muna zaɓen yara biyar da za su kara da makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Yara biyu 'yan ajin CM2 suka shiga fili, ɗaya ya fi ɗaya jiki nesa ba kusa ba. Ƙaramin ya sunkuya ya ɗauki ƙafar babban, ya tura shi, sai ga shi zaune daɓas a kan rairayi. Ni ne alƙali, kuma kaye ne mai tsabta. Babban ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, har da dariya. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Yayyensa suka yi ta masa ba'a, wani kawunsa ya ce ɗaukar ƙafa cuta ce, kuma jininsu ba ya kwana da kaye. Kashegari samari biyu suka tare ƙaramin a hanyar rijiya suka lakaɗa masa duka. Haƙori ɗaya ya fita, yaron ya yi kwana goma bai zo aji ba, a shekararsa ta ƙarshe a firamare.

Yanzu ku duba da kyau. A filin kokowa babu wanda ya ji ciwo. A hanyar rijiya aka zubar da jini, inda babu alƙali, babu doka, babu malami. To don me za mu rufe filin mu bar hanyar rijiya a buɗe?

Kokowa ba baƙuwa ba ce a Adar. A nan Tawa aka yi gasar takobi ta farko ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauke takobin. Yau kowace daga cikin jihohi takwas tana kawo 'yan kokowa goma, su tamanin ke nan, takobi kuma ɗaya ne. Mutum saba'in da tara suna komawa gida ba tare da takobi ba a kowace gasa. Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, shi ma akwai shekarun da ya koma gida ba da shi ba. Wasan da kusan kowa ke faɗuwa a cikinsa ya tashi ya dawo baɗi, ai shi ne darasin da muke ta neman yadda za mu koya wa yaro da alli da allo mun kasa.

Amma me yaranmu suke ji daga bakinmu idan mun kewaye tele a fada lokacin gasar? Abu uku, kuma duka ukun guba ne.

Na farko, duk kayen da aka yi wa ɗan jiharmu cuta ce, duk wanda ɗan jiharmu ya yi gwaninta ce. Dokar kokowarmu a fili take. Ba a naushi, ba a karo da kai, ba a murɗe yatsa, ba a tsone ido. Mai son bugu ga dambe can, ko irin kokowar Senegal mai haɗe da naushi, kowanne da tasa dokar. Ɗaukar ƙafa da taɗiya kuwa dabara ce, ita ce ma makamin mai ƙaramin jiki a gasar da ba a raba 'yan wasa bisa nauyi. Na yarda alƙalai suna kuskure, musamman wajen raba gargaɗi idan karawa ta yi tsawo babu kaye, kuma akwai hanyar kai ƙorafi. Sai dai uban da ke zagin alƙali a gaban ɗansa duk lokacin da hukunci bai yi masa daɗi ba, kada ya yi mamaki ran da ɗan ya ce malami ne ya kayar da shi jarrabawa, ko ya ce mai gari ya ci hanci don bai ba shi gaskiya a rikicin iyakar gona ba. A gaban tele ya koyi karatun.

Na biyu, ramuwa. Muna faɗin ramuwar gayya ta fi gayya zafi kamar wata yabo ce, alhali gargaɗi ce. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Kanada da Amurka akwai wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda doka ta yarda a bangaji abokin hamayya da kafaɗa, in kuma biyu suka kaure da dambe hukuncin shi ne minti biyar a wajen fili. A watan Fabrairun 2004, Steve Moore na ƙungiyar Colorado ya bangaji Markus Naslund, kyaftin ɗin Vancouver, ya ji masa ciwo a kai. Alƙalan wasan ba su hukunta shi ba, hukumar gasar ma ba ta ga laifi ba. Mutanen Vancouver suka riƙe abin a zuci. Ranar 8 ga Maris 2004, Todd Bertuzzi ya bi Moore ta baya ya naushe shi a kai, suka zube kan ƙanƙara, ƙasusuwan wuyansa uku suka karye. Saurayi ɗan shekara 25 bai sake buga gasar ba. Wanda aka ce ana rama wa kuwa ya warke ya ci gaba da wasansa. Haka ramuwa take ko'ina, ba ta tsayawa daidai girman abin da aka yi. Yaronmu ya zauna kan rairayi na daƙiƙa biyu, aka biya shi da haƙorin ɗan wani.

Na uku, zaɓe. Duk shekara idan aka fitar da goman Tawa, sai fada ta kaure. Ɗan Ƙonni ya ce an danne nasu, ɗan Madawa ya ce an yi son kai, na Buza da Keita da Illela kowa da nasa kukan. Gardama a kan wa ya fi wa daɗi ce ta wasa, ni ma ina yi. Abin da nake ƙi shi ne wanda ya biyo ni har ƙofar gida bayan wancan zaɓen namu, yana cewa a saka ɗansa cikin biyar ɗin don kakansa ya yi suna a kokowa. Kakan ya yi, Allah ya jiƙansa, amma ba shi zai shiga fili ba. Mu malamai ma laifi tudu ne. Wa ke cikinmu da bai taɓa naɗa ɗan abokinsa shugaban aji ba, ko ya ƙara wa ɗan mai hali maki biyu? Yara suna gani. Yaron da ya gane cewa ana shiga jerin gwanaye da sunan uba, ba zai ƙara wahalar da kansa da atisaye ko bita ba.

Dattijon nan da ya tambaye ni yana da gaskiya ta wani ɓangare. Kokowa a kan tsandauri ko duwatsun Adar, babu babba a kusa, ƙato da ɗan ƙarami, tana karya hannu. A makarantar horar da malamai an koya mana cewa wasan motsa jiki darasi ne mai tsari kamar lissafi, amma da yawanmu mun mayar da shi lokacin shan shayi a gindin bedi. Wannan sakacinmu ne, na kuma karɓa. Sai dai hani ba zai sa yaron Adar ya daina kokowa ba. Zai koma yi a bayan gari da daren farin wata, inda babu mai busa usur.

Ga abin da na sa a gaban kwamitin iyaye. A zuba rairayi a keɓe fili guda. Kada a kama sai malami yana tsaye. A karanta doka da Hausa da ƙarfi kafin a fara, iyaye na ji. A haɗa yara bisa shekaru da girman jiki, a fitar da abokin karawa ta ƙuri'a, a rubuta sakamako a allo kowa ya gani, ta yadda jerin wakilai zai fito daga kaye, ba daga aljihun mushe ba. Wanda ya kayar ya miƙa hannu ya tada wanda ya faɗi. Wanda aka kayar yana da damar neman a sake karawa bayan mako guda, a fili, gaban alƙali. Duk wanda ya kai ramuwa waje kuwa, maganarsa ta bar hannun makaranta ta koma gaban mai gari, kuma gidansu ne zai biya kuɗin magani.

Yaron mai haƙorin ya dawo aji. Shi da abokin karawarsa ma sun koma zama benci ɗaya, su manyan ne har yau ba sa gaisawa. Laraba mai zuwa da yamma za su sake kamawa, na kuma aika wa kawun nan goron gayyata. Na tanadar masa kujera kusa da ni, ya ga ƙafa da idonsa, ya ji hukunci da kunnensa. Ko wa ya faɗi, ina so ya zama shi ne babba na farko da zai tafa.

Allah ya shirya mana zuri'a, mu ma ya shirye mu.